Darasin Tattali: Bambancin Tsarin Gudu da Tsarin Yau da Kullum a Mota, da Abin da Kowanne ke Ci a Aljihu

Legas. Duk ɗan kasuwar da ya sayi mota mai canja giya da kanta, wato otomatik, a 'yan shekarun nan, ba zai rasa ganin wani ɗan maɓalli kusa da sandar giya ba, ko kuwa wani harafi a gefen harafin D, wanda galibi dillali ba ya tsayawa ya yi bayaninsa. A wasu motocin an rubuta SPORT, a wasu harafin S kaɗai, wasu kuma suna da abin murzawa mai matsayi uku, ECO da NORMAL da SPORT. Direbobi sun ba abin fassara iri-iri. Wasu sun ce yana ƙara wa inji ƙarfi, wasu sun ce na doguwar tafiya ne, wasu kuwa ba sa taɓa shi sam don tsoron kada ya kashe giyabos.

A da, lokacin da man fetur ke da araha, wannan gardama ta masu sha'awar mota ce kawai. Amma tun ranar 29 ga watan Mayu, 1 ga mulkin Shugaba Bola Tinubu a shekarar 2023, da ya bayyana janye tallafin mai, maganar ta shiga littafin lissafin kowane ɗan kasuwa. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati ta koma Naira 488 a Legas da Naira 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000 a wurare da dama. Farashin ya yi ta hawa da sauka bayan haka, amma bai koma inda ya fito ba. Saboda haka darasinmu na wannan karo zai duba abin da wannan maɓalli ke yi, da abin da ba ya yi, da kuma nawa yake ci. Domin sauƙin bayani, za mu kira SPORT tsarin gudu, NORMAL tsarin yau da kullum, ECO kuma tsarin tsimi.

Asalin abin

Waɗanda suka koyi tuƙi da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975, sun san cewa a wancan zamani direba shi ne mai yanke shawara. Shi ke taka kuloci, shi ke sauraren kukan inji ya san lokacin da zai sa giya ta uku ko ta huɗu. Totur kuma waya ce ta ƙarfe da ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarsa ta tafi kai tsaye zuwa kafireto. Direba mai tsimi yakan canja giya da wuri, mai zafin kai kuma yakan ja ta har inji ya yi ƙara.

Giya mai canja kanta ta daɗe a duniya, domin kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da irinta a motocin Oldsmobile na 1940. Abin da ya canja lamarin shi ne shigowar kwamfuta cikin mota, wadda kanikawa ke kira burenbos. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara cire wayar totur ana maye gurbinta da na'urar lantarki, har ya zama yawancin motocin da ake ƙerawa yanzu haka suke. Idan direba ya taka totur, saƙo kawai yake aika wa kwamfuta, ita ce ke yanke yawan iska da man da za su shiga inji, da kuma lokacin canja giya. Da yake abin ya koma umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, sai masu ƙira suka rubuta umarni iri biyu ko uku, suka ba direba maɓallin zaɓi. Masu tsofaffin Toyota Camry da Land Cruiser za su tuna da maɓallin da aka rubuta wa ECT PWR. Shi ne kakan tsarin gudu na yau.

Abubuwa huɗu da ke canjawa

Na farko shi ne totur. A tsarin yau da kullum, idan ka taka kwata, kwamfuta takan ba ka abin da ya yi daidai da kwata, a hankali. A tsarin gudu kuwa, wannan taku ɗin takan amsa shi kamar ka taka kusan rabi. Wannan ne ya sa direba ke jin motar ta zabura, ya ɗauka ƙarfi aka ƙara mata.

Na biyu, kuma mafi muhimmanci ga aljihu, shi ne lokacin canja giya. A tsarin yau da kullum motar tana hanzarin hawa babbar giya domin inji ya riƙa juyawa a hankali, akasari tana canjawa wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti ɗaya idan an taka da sauƙi. A tsarin gudu takan riƙe ƙaramar giya har allura ta kai 3,000 ko 4,000 ko fiye, kuma da zarar ka ɗan ƙara taku sai ta sauko da giya. Wasu motocin ma ba sa shiga giyar ƙarshe muddin suna wannan tsari. Motoci masu giya marar matakai, wadda ake kira CVT, kamar yawancin Toyota Corolla da Honda Accord na Amurka daga wajen 2014, su ma haka suke yi, sai dai su suna ɗaga juyin inji ne su riƙe shi a sama.

Na uku shi ne sitiyari. A motocin da lantarki ke taimaka wa sitiyarinsu, tsarin gudu yana rage taimakon, sai sitiyari ya ɗan yi nauyi a hannu, abin da ke sa direba ya fi jin hanya idan ana gudu.

Na huɗu ya shafi motoci masu tsada ne kawai. A cikinsu shakazoba takan yi tauri domin rage tangal-tangal a kwana, wasu kuma salansarsu takan buɗe ta ƙara ƙara. A kan hanya mai ramuka, wannan taurin wahala ce ga fasinja da ƙafafun mota baki ɗaya.

Abin da ba ya canjawa

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau: in ban da wasu tsirarun motoci na alfarma, tsarin gudu ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko na doki ɗaya. Idan ka take totur har ƙasa a tsarin yau da kullum, kwamfuta za ta sauko da giya ta ba ka iyakar ƙarfin injin, daidai da wanda za ka samu a tsarin gudu. Bambancin kawai shi ne tsarin gudu yana ajiye inji a shirye, don haka amsar ta fi saurin zuwa. Haka kuma ba ya ƙara ƙarfin birki, ba ya gyara sudaddiyar taya.

A ɗaya ɓangaren, tsoron cewa taɓa maɓallin zai kashe inji ba shi da tushe. Masu ƙira sun yi motar ne domin ta yi aiki a kowane tsari, kuma kwamfuta ba ta barin juyin inji ya wuce iyaka. Ana iya sa shi ko cire shi mota na cikin tafiya. Abin da ke cin mota shi ne irin tuƙin da tsarin ke jawo direba ya yi: fizga, da taka birki da ƙarfi, da jan inji tun da sassafe bai yi ɗumi ba.

Harafin S ba ma'anarsa ɗaya ba

A nan ne mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba, musamman da yake yawancin motocinmu tokumbo ne ko 'yan Kwatano, sun zo babu littafin bayani. A motocin Toyota da dama, kamar Camry da Highlander, idan ka tura sandar giya gefe zuwa S, sai ka ga lamba 4 ko 5 ta fito a allon gaban direba. Wannan lamba ita ce iyakar giyar da motar za ta hau. Idan giyarta shida ce kuma aka bar ta a S4, to ba za ta shiga ta biyar da ta shida ba har sai an tura sandar wajen alamar ƙari.

Ni kaina na taɓa shiga motar wani ɗan'uwa mai fataucin kayan gwari a kasuwar Mile 12, za mu Ibadan. Yana ta kuka da cewa motar ta koma shan mai, har makanike ya canja masa fulogi sau biyu. Muna kan hanya na ga allura tana tsaye sama da juyi 3,000, allon kuma na nuna S4. Da na tambayi direbansa, sai ya ce ai an faɗa masa S ita ce giyar doguwar tafiya. Watanni ya yi yana hana motar manyan giyoyinta biyu, waɗanda su ne aka yi domin doguwar tafiyar.

A tsofaffin Mercedes kuma akwai ɗan makunni mai E da S, ko W da S. A can S na nufin tuƙin yau da kullum, E na tsimi ne, W kuwa na lokacin ƙanƙara ne a ƙasashen Turai, inda mota ke tashi da giya ta biyu don kada taya ta yi santsi. Akwai kuma maɓallin O/D a jikin sandar giyar tsofaffin motocin Japan: idan fitilar O/D OFF na kunne, an hana motar giyar ƙarshe ke nan. Saboda haka kafin komai, a nemi littafin motar. Yawancin kamfanoni sun sa shi kyauta a intanet, ana samunsa da sunan mota da shekarar ƙira.

Lissafin kuɗi

Dalilin da ya sa tsarin gudu ke ƙara shan mai a fili yake. Mota biyu iri ɗaya na iya tafiyar kilomita 80 a awa, ɗaya injinta na juyi 1,800, ɗaya kuma 3,000. Aikin da suke yi wa mai su ɗaya ne, amma ta biyun tana ƙona ƙarin mai wajen juya ƙarafan injin da zuƙar iska da fitar da hayaƙi.

Yawan ƙarin ya danganta da mota da ƙafar direba, don haka babu adadi guda da ya dace da kowa. Sai dai Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin gaggawa, wato gudu da fizga da yawan birki, yana rage nisan da lita ke kai mota da kimanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 cikin 100 a cunkoson gari.

Bari mu yi misali da ƙaramin adadi. A ce motarka tana tafiyar kilomita 2,000 a wata, tana shan lita 10 a kowace kilomita 100. Lita 200 ke nan a wata. Idan muka ɗauki lita a kan Naira 900 domin lissafi, kuɗin mai ya kama Naira 180,000. To idan tsarin gudu da ƙafar direba suka ƙara kashi 15 cikin 100, an sha ƙarin lita 30, wato Naira 27,000 a wata, ko Naira 324,000 a shekara. Kamfanin da ke da motoci goma zai yi asarar Naira miliyan 3 da dubu 240 a shekara, ba tare da an kai ko buhu ɗaya na ƙari ba. Mai karatu na iya sa farashin garinsu a gurbin namu ya sake bugawa.

Bugu da ƙari, akwai kuɗin da ba a gani a gidan mai. Direban da ke fizga dole ya yawaita birki, don haka takalmin birki da taya za su riga lokacinsu ƙarewa. Kusan duk waɗannan kayayyaki daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, kowa ya ga yadda farashinsu ya tashi a Ladipo ta Legas, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Masu ilmin tattalin arziki kan tambayi abin da aka samu a madadin abin da aka kashe. A tafiyar kilomita 120, kusan nisan Legas zuwa Ibadan, mai gudun 100 zai isa cikin minti 72, mai gudun 120 kuma cikin minti 60. Ribar minti 12 ce. Amma turjiyar iska da nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita duka suna ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, don haka wannan ƙarin kashi 20 na gudu ya ƙara su da kashi 44 cikin 100. Ga shi kuma ƙa'idar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ke aiki da ita ta iyakance ƙananan motocin gida ga kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. A cunkoson gadar Third Mainland ko na Maraba zuwa Nyanya kuwa, ko minti ɗaya tsarin gudu ba zai rage maka ba, domin motar gabanka ce ke yanke saurinka.

Inda tsarin gudu ke biyan kuɗinsa

Duk da haka ba a yi maɓallin don ado ba. Akwai wurare uku da yin amfani da shi hikima ce.

Na ɗaya, wajen wuce babbar mota a hanya mai hannu biyu a falle ɗaya. Mafi haɗarin lokaci a tafiya shi ne daƙiƙun da kake a hannun masu tahowa. Idan ka sa tsarin gudu kafin ka fita, giya ta riga ta sauko, motar za ta amsa nan take. Da ka koma hannunka sai ka cire.

Na biyu, wajen hawa da kaya. A wuri irin Hawan Kibo a hanyar Akwanga zuwa Jos, ko hawan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, mota mai nauyi a tsarin yau da kullum takan yi ta kai-komo tsakanin giya biyu, ta hau ta sauko. Wannan kai-komo yana ɗumama man giya, zafi kuwa shi ne babban abin da ke kashe giyabos. Riƙe ta a giya ɗaya ya fi mata lafiya, ko da an ɗan ƙara shan mai.

Na uku, wajen doguwar gangara. Direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa yana iya ɗumama shi har ya daina kamawa. Ƙaramar giya tana sa inji ya riƙe motar, birki ya huta. Abin sha'awa a nan shi ne, a motocin zamani, idan ka ɗage ƙafa daga totur a gangara mota na cikin giya, kwamfuta takan yanke mai gaba ɗaya ko da allura na sama. Saboda haka ɗabi'ar nan ta mayar da giya N a gangara don tsimi kuskure ce: ta raba ka da riƙon inji, kuma injin na shan mai don kada ya mutu.

Tsarin tsimi fa?

Shi kishiyar tsarin gudu ne. Yana sanyaya amsar totur, yana hanzarta hawa giya, a motoci da yawa kuma, kamar masu koren maɓallin ECON na Honda, yana rage ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki. Ya dace da zirga-zirgar gari da hanya miƙaƙƙiya. Amma direba mai nauyin ƙafa yana iya cinye ribarsa, domin idan ya ji motar ta yi sanyi sai ya ƙara taku. A tsakiyar zafin bazara kuma fasinja na iya jin sanyin ya ragu.

Yadda za ka auna da kanka

Kada ka dogara da maganar direba ko ta dillali. Cika tanki har bututun ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar maleji. Yi mako guda a tsarin yau da kullum. Koma gidan man nan, a famfo ɗaya in da hali, ka sake cikawa. Raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, ka ninka da 100, sai ka samu abin da motar ke sha a kowace kilomita 100. Maimaita haka a mako na biyu da ɗaya tsarin, a hanyoyi iri ɗaya da kaya iri ɗaya. Ka tabbata iskar taya daidai take a duka makonnin, domin taya marar isasshiyar iska ita ma tana ƙara shan mai, za ta ɓata maka awon.

Shawara ga masu motocin haya da na kamfani

Da farko, kowace mota ta samu ɗan littafi da ake rubuta kwanan wata da maleji da litar da aka sha. Cikin wata biyu za a gane motar da ta fita daga sahun 'yan'uwanta, sa'an nan a bincika ko inji ne, ko ƙafar direba, ko kuwa man ne ke bin wata hanya.

Na biyu, a zaunar da direbobi a yi musu bayanin wuraren nan uku da tsarin gudu ya dace, a kuma gaya musu cewa ban da su a bar mota a D. Yawancin motoci masu maɓalli suna komawa tsarin yau da kullum da kansu idan aka kashe aka tayar, amma mai sandar S tana nan inda hannun direba ya kai ta.

Na uku, a ware wa direban da ya rage shan mai wani kaso na abin da ya rage. Wanda ya san yana da rabo a cikin Naira 27,000 ɗin nan ba ya buƙatar a sa masa ido.

Na huɗu, mai shirin sayen mota ya gwada ta a kowane tsari kafin ya biya. Idan ya danna maɓallin bai ga alama a allo ba, ko ya ji giya na dukan ƙarfe wajen canjawa, ko tana jinkirin kamawa, to ya kira makaniken da ke da na'urar binciken kwamfutar mota tun kuɗinsa na aljihu. Gyaran giyabos na otomatik yana daga cikin mafi tsadar gyare-gyare a mota.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ga mai kaya a hanya, abin nema shi ne mota ta isa lafiya, a kan kari, da mafi ƙarancin kuɗi, kuma tsarin yau da kullum ne ke biyan wannan bukata a mafi yawan tafiya. A darasi na gaba, za mu duba lissafin mayar da mota ta yi aiki da iskar gas: abin da ake kashewa, da tsawon lokacin da kuɗin ke ɗauka kafin su dawo.